Ranar da Na Karɓi Tsintsiyar Inna

Kakana na wajen uwa ya mutu yana rawa ba da kiɗa ba. Kafaɗa ta yi gabas, ƙafa ta yi yamma, ga faɗa da kowa, har da akuyar maƙwabta. A Aliero aka ce iskoki ne. Hayaƙin da aka banka masa ya isa ya gasa sa.

Sai da na fara koyarwa a Maiyama wata likita ta gaya mini ciwon ƙwaƙwalwa ne da ake gado, kuma ana ganinsa a jini tun kafin ya taso. Ni da ko ƙullin leda na gani sai na kwance, nan take na ce a auna ni.

Inna, mahaifiyata, ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi kika nema? Ni ban son sani. Kowag gaya min, ban yahe ba."

A babban asibiti sai da aka haɗa ni da likitan tunani, yana ta tambayata ko ina barci. Na ce har a cikin aji. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Malama, in an samu a jininki, to ta wajen mahaifiyarki ya biyo. Sakamakonki nata ne, ita kuma ta ce ba ta so." Na ce ya kwantar da hankalinsa, na iya rufe baki.

Jinin ya yi wata da watanni a ƙasar waje, ya riga ni hawa jirgi. Da takardar ta dawo, akwai ciwon a jinina.

Na yi kukana a mota. A tashar Jega na wanke fuska, na sayi burodin da na saba saya, na gwada murmushi a madubin direba har ya tsargu.

Na tarar da Inna tana share ɓawon albasa a tsakar gida. Ban san lokacin da na karɓe tsintsiyar ba, ni da tun da aka haife ni ban taɓa taya ta shara ba sai da zagi.

Ta tsaya tana kallona, har na ga ta gane. Ta dubi hannuwanta, ta juya su a hankali.

Ta ce, "Ki yahe min, ɗiyata."