Wadda Inna Ba Ta Faɗin Sunanta

Mun tashi da asuba, mayafin Inna na ƙamshin hayaƙin kara. Wannan ƙamshin ya bi mu daga ƙauyenmu zuwa Kano, ya shiga jirgi, bai rabu da mu ba har New York.

Wata gidauniya ce ta gayyace ta, mai tallafa wa masu riƙe da ilimin gargajiya. Inna tana adana tsoffin irin wake da gujiya da riɗi da ta gada wurin uwarta, kuma rumbunta ya fara tsagewa. In an zaɓe ta za a gina sabo, a ɗauki nauyin mai koyo. Ni ce tafinta. Ni ce kuma 'yarta ta fari, wadda saboda kunya ba ta faɗin sunana, ba ta yabona a gaban mutane.

An sauke mu a unguwar Harlem. Jirgin ƙasansu a ƙarƙashin ƙasa yake gudu, kowa ido a waya. Inna ta gaishe da duk wanda ya zauna kusa da ita, mutum ɗaya ya amsa. A shagon wata 'yar Maraɗi muka ci tuwon da aka tuƙa da garin leda. Da Inna ta ji farashin kuɓewa sai ta ce a garin nan talaka ba ya shan miya mai yauƙi.

Ranar ganawa mutum uku suka zauna mana. Inna ta yi bayanin wake kamar tana lissafa dangi. Sai shugabarsu ta tambaya wa zai gaji ilimin, domin tallafin ba ya fita sai da magaji. Inna ta dubi tafin hannunta.

"Akwai wata," ta ce.

"Wace ce?"

Inna ta ƙi faɗin suna. Tun ina ƙarama nake tsince mata iri, amma bakina bai iya cewa ni ce ba. Na fassara abin da ta faɗa kawai, na ga sun dubi juna.

Washegari suka ce ba a son ɗan'uwa ya yi tafinta. Aka kawo wani dattijo ɗan zangon Kumasi mai tuƙin tasi a unguwar Bronx. Ya dube ni ya ce, "'Yata, yau kin samu hutu, je ki sha iska." Na zauna a baranda ina kallon tantabaru ta gilashi. Da suka fito ban tambayi yadda aka yi ba.

Mun dawo gida ana girbin wake. Bayan 'yan watanni aka bugo waya cewa an zaɓe ta. Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne: a can abin da ba a furta ba kamar babu shi ne, a nan kuwa abin da ya fi tsada shi ake rufe baki a kansa.

Sai bayan shekaru, da dattijon ya kira ni don yi mini ta'aziyyar Inna, na ji abin da ya faru a ɗakin. Sun sake tambayarta sunan, ta ƙi. Ta tashi ta je bakin ƙofar gilashi, ta nuna ni da haɓa, ta koma ta zauna.