Ranar da Inna ta je kallon jiragen Yaya

Yayana ba matuƙin jirgi ba ne. Makanike ne a sojan sama, kullum yana ƙarƙashin fiffike da baƙin mai har gwiwar hannu. Amma a gaya wa mahaifiyarmu haka, a sha faɗa. Duk jirgin da ya ratsa saman ƙauyenmu Kahu, ko na alhazai ne, sai Inna ta fito tsakar gida da muciya a hannu ta ce, "Allah ya sauke ka lafiya." Ni kuwa bakina ba ya shiru, kullum sai na yi mata gardama.

Ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba ya aiko mini Rano, inda nake aure, cewa za a yi wasan jiragen yaƙi a Kano kuma an yarda iyalai su shiga. Ya ce lallai in kawo Inna ta ga aikinsa. Rabonta da shi tun babbar sallar bara. Ta kirɓa fura, ta karɓo kindirmo a rugar maƙwabtanmu, ta ɗaure ƙwaryar a tsumma, ta hana kowa riƙe mata har muka sauka daga mota.

A ƙofar bariki na faɗi sunansa. Aka daɗe, sannan wani abokinsa ya fito, wanda ya taɓa raka shi gida. Da kakinsa da komai ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, jikin nasa ne ya ɗan matsa," in ji shi. "Ku zauna tukuna, liman zai zo ya kai ku."

A wajenmu ba a yi wa uwa maganar mutuwa kai tsaye, kuma ba yaro ne ke faɗa ba. Sai a ce jiki ya matsa, a jira babba. Na ja abokin gefe na ce ya dubi Allah ya gaya mini. Ya ce zazzaɓi ne, ya cika jiya da la'asar, an kai shi makwancinsa kafin magariba. Lokacin wayar hannu ba ta iso mana ba, mutum suka tura Kahu da safe, muka yi saɓani a hanya. Liman kuma yana rumfar manya, ba zai fito ba sai an tashi.

Haka aka ba mu kujeru a inuwa, a sahun gaba. Na zauna kusa da Inna da wannan magana a ƙirjina, ina jin haushin kowa: abokin, da liman, da Yaya kansa da ya kira mu bai jira mu ba.

Jiragen suka taso. Sai sun wuce kake jin ƙararsu, ta doki ƙirji kamar ana daka a cikinka. Suna tafiya a jere, su kife, su miƙe, su bar farin hayaƙi a baya. Wani jirgin ya yo ƙasa har mata suka dafe kai, sannan ya ɗaga. Mutane suna tafi. Inna ko gezau, ƙwaryarta a cinya, idonta a sama. Ni dai addu'ata kada ta dube ni.

Can sai guda ɗaya ya ware daga 'yan'uwansa ya yi sama shi kaɗai, yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Inna ta taɓa ni.

"Ga shi can. Tun yana yaro ba ya tsayawa a layi, ko a gayyar noma."

Na ce, "Shi ne, Inna." Ranar ce kaɗai ban yi mata gardama ba.

Da aka tashi liman ya zo, dattijo mai farin gemu. Ya yi sallama, ya fara jan ayar haƙuri. Inna ba ta bari ya kai ƙarshe ba.

"Malam, yaushe ne?"

Ya gaya mata. Ta yi salati a hankali, ta miƙa wa abokin ƙwaryar ta ce ya raba wa abokan aikinsa kafin ta yi tsami. Ni ce na fashe da kuka, ita ta riƙe ni.

A motar komawa, mun kusa Kibiya, na kasa daurewa na tambaye ta yaushe ta gane.

"Ke, ni za a koya wa jiki ya matsa? Da bakina na faɗa wa kakarku haka ranar da babanku ya rasu."

"To me ya zaunar da ke, Inna?"

"Ya ce in zo in ga aikinsa, na kuwa gani." Ta gyara mayafinta ta juya wajen taga. "Ke ma na ga kina ta ƙoƙarin ɓoye mini. Ban so in ɓata miki ba."