Ƙafar Inna a Dokin Ƙofa

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan shafi, kuma a yi mini uzuri don ba zan faɗi sunana ko na garinmu ba, wanda ya karanta har ƙarshe zai gane dalili. A lokacin da abin nan ya faru ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a ƙauyen da aka haife ni, can cikin ƙasar Tasawa, inda in ba kabu-kabu ko amalanke ba babu abin da ke kai mutum. Ni ce mace ta farko a garin da ta yi karatu har ta dawo tana koyarwa, kuma abin ya hau mini kai ƙwarai. Ina da baki, ina son gardama, ba na iya jin magana ta karkace in bar ta ta wuce. Mijina yakan ce ko liman ne ya yi tuntuɓen harshe a huɗuba sai na aika masa da gyara. In ya faɗi haka dariya nake yi, don a lokacin yabo na ɗauke shi.

Muna da ƙaramin gidan likita a bakin gari. Da akwai ungozoma mace a cikinsa, sai aka ɗauke ta zuwa wani wuri, aka bar mana likita namiji shi kaɗai. Shi ke allura, shi ke ba da magani, shi ke awon ciki. Mutum ne mai fara'a da tsabtar tufafi, yana gaida dattawa har da rusunawa. Ɗakin awo kuwa yana can ƙuryar gini, da ƙofar katako mai sakata ta ciki. Ba a daɗe ba mata suka fara fitowa daga ɗakin nan da wata irin fuska. Babu wadda ta ce komai. Sai dai ka ga amarya ta je awo sau ɗaya, in lokacin komawa ya zo ta ce kanta ke ciwo, ko ta ce tana da surfe. A bakin rijiya in an ambaci gidan likita sai hira ta mutu, kowa ta mai da hankali kan guganta. To wa za a kai wa ƙara? Macen da ta buɗe baki kanta ta fara tona wa asiri, kuma in ɗanta ya kwana da zazzaɓi gobe wurin mutumin nan dai za ta koma.

Inna yayar mahaifiyarmu ce, ita ta riƙe mu ni da ƙanwata bayan rasuwar uwarmu. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma tsohuwa ce mai faɗa, ba ta iya lallashi ba. Wata ranar awo ta ɗauki faranti cike da gyaɗa ta bi wata yarinyar maƙwabta zuwa gidan likita. Da yarinyar ta shiga ɗaki, Inna ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafarta a kan dokin ƙofa, ta kama ɓarar gyaɗa. Likita ya zo zai rufe, ta ce ya yi mata haƙuri, gwiwarta ke ciwo, in ba a tudun nan ta ɗora ta ba ba ta samun sauƙi, ga labule nan ya sake shi. Ya yi dariya ya saki labule. Ƙofa dai ba ta rufu ba, kuma yarinyar ta fito da fuskarta ta kullum. Daga nan abin ya zama ɗabi'a ba tare da an yi taro ko shawara ba. Duk mai zuwa awo sai ta biya ta gaida Inna, in Inna ba ta da hali wata tsohuwar ta ɗauki faranti. Har matan Fulani masu kawo nono ranar kasuwa suka gane, wata dattijuwa cikinsu takan zauna da ƙwaryarta ita ma gwiwa na damunta. Maza suna wucewa suna tsokana, wai tsofaffin garin nan duk sun zama guragu. Ba su san komai ba, likita kuwa ya sani, amma babu abin da zai kama.

Ni na san dalilin zaman, don a gidan na tashi. Abin da ke ba ni haushi shi ne shirun. A ganina aiki irin wannan ya kamata a ba shi suna, a kafa ƙungiya, a je rediyo. Na taɓa faɗa wa Inna haka, ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita gyaɗa take ɓara, in ina da wata magana in kai ta lakwal.

Ana nan sai wani furoje, irin shirin nan na ƙungiyoyin taimako, ya kira malamai mata zuwa Tasawa don horo a kan zaman maza da mata. Mai koyar da mu wata matashiya ce daga babban birni, mai ladabi, Faransanci a bakinta kamar ruwa. Da yawa cikin abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma na tafa mata: yarinya tana iya lissafi kamar yaro, mace tana iya riƙon gona da shugabanci. Amma da ta zo kan cewa yawancin bambancin namiji da mace koya mana shi aka yi, kuma ma'aikacin lafiya ma'aikaci ne kawai, bai kamata a duba ko namiji ne ko mace ba, sai na ji jinina ya hau. Na miƙe na ce mata ban yarda ba. Na ce girki da shara koya mana aka yi, amma ciki da jini da naƙuda babu wanda ya koya mana, a jikinmu suke, kuma macen da ke kwance a kan gadon awo ta san sarai ko hannun wa ke kanta. Na ce mace tana da haƙƙin ta sami mace a kusa da ita a irin wannan wuri, ba don ƙauyanci ba. Har yau ina kan wannan ra'ayi, ban janye ko kalma ɗaya ba. Da a nan na tsaya da ban rubuto muku ba.

Ta ce mini cikin murmushi wannan tsoro ne kawai na al'ada, ko ina da misali? Wannan murmushi shi ya kashe ni. Na kwashe labarin Inna kaf na zuba a tsakiyar zauren, da farantin gyaɗa, da gwiwar ƙarya, da dalilin da ya sa ake yi. Mata suka ɗauki tafi har da guɗa. Ita kanta mai koyarwar idanunta suka kawo ruwa, ta ce ta karɓi gyara, za ta ba da labarin nan a gaban manya don a yi koyi da shi. Na zauna zuciyata fari tas. A layin baya akwai wasu maza da aka gayyato daga ma'aikatu, ɗaya cikinsu bai tafa ba. Da aka fita shan ruwa ya matso ya yaba mini iya magana, ya tambaye ni a hankali wane gari na ce nake koyarwa. Na faɗa masa, har da kwatancen hanya.

Na dawo gida ban gaya wa kowa ba. Kwanaki suka wuce babu abin da ya faru, har na fara mantawa. Sai wata safiya ina hanyar lakwal likita ya tsayar da babur ɗinsa a gabana, abin da bai taɓa yi ba. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya ce ya ji an ce Madam ta yi fice a Tasawa, gari ya yi alfahari. Sannan ya tambayi lafiyar ƙanwata, ya kira sunanta, ya ce ai ya ga alamar an samu ƙaruwa, ya kamata ta fara zuwa awo kada a makara. Ƙanwata a lokacin cikin fari gare ta, ƙarami, ko dangin mijinta ba su gama sani ba. Yana magana yana murmushi. Ya tada babur ya tafi ya bar ni tsaye cikin zafin rana.

Bayan wannan abubuwa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kyakkyawan dalilinsa. Aka ce daga sama an hana cin abinci da ɓare-ɓare a harabar gidan likita saboda tsabta. Aka ce marar lafiya yana da sirri, doka ta hana kowa tsayawa kusa da ɗakin awo, ko uwa ce. Aka kewaye wurin da waya aka sa mai gadi. Ƙofar katakon nan aka cire ta aka kafa ta ƙarfe, mutane suna ta sa albarka an gyara musu gidan likita. Sai kuma magana ta bazu a majalisun maza cewa tsofaffi sun ɗora wa bawan Allah sharri har labari ya kai birni, ana shirin ɗauke shi a bar gari babu mai allura. Abin da ban taɓa hangowa ba shi ne yadda maza za su juya zancen. Kowa ya koma gida ya tsare matarsa da tambaya: in ana gadin ƙofa, to me ya faru kafin a fara gadin? Matan da suka haɗiye abinsu shekaru aka tasa su gaba a cikin ɗakunansu. Wata maƙwabciyarmu har gidan iyayenta ta koma.

Mai gari ya aika aka kira Inna. A gaban dattawa aka tambaye ta, ta ce, "Ranka shi daɗe, ni ƙahwata ka ciwo, ban san wani zance ba." Aka ce to ta riƙa jinyar ƙafarta a gida. Da ta dawo na same ta a tsakar gida tana tuyar ƙuli-ƙuli. Na durƙusa zan fara bayani, ba ta ɗago ba. Ta ce, "To Madam, an ci gardama?" Tun ina yarinya ɗiyata take ce mini. Ran nan ne ta fara kirana Madam, kuma ba ta sake cewa komai a kan maganar ba.

Ranar awon ƙanwata ta zo. Na roƙi mijinta ya bari in kai ta Tasawa, ya ce shi ba ya cikin masu zargin mutane, kuma damina ce, hanya ta yanke. Na bar aji na raka ta da kaina, ina ganin ko ba komai ni ma'aikaciya ce, za a ji nauyina. Mai gadi ya tare ni a bakin waya ya ce doka ce. Na ɗaga murya, na yi Faransanci, na ambaci haƙƙi, duk abin da na iya na yi. Likita ya leƙo ya ce Madam ta fi kowa sanin doka, ya kira ƙanwata. Ta waiwayo ta dube ni sau ɗaya ta shiga. Daga inda nake tsaye na ji ƙarar sakata. Ban san tsawon lokacin da ta yi a ciki ba, na dai san na riƙe wayar nan har ta yanke ni a tafin hannu. Da ta fito ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafinta ta wuce ni kamar ba ta san ni ba, na bi ta a baya har gida.

Har yau ban san abin da ya faru a ɗakin nan ba. Na tambaye ta ta ce ba komai, na sake tambaya ta ce in ƙyale ta, ko so nake in kai wannan ma Tasawa? Ba ta sake taka gidan likita ba. Ƙafafunta suka kumbura, aka yi juyin duniya ta je a duba ta, ta ce gara ta mutu a ɗakinta. Da naƙuda ta zo ta ɓoye, ta wuni tana fama ita kaɗai, sai da ta faɗi aka ankara. Aka ɗora ta a amalanke zuwa babban titi, daga can aka sami mota. Ita Allah ya yi da sauran kwananta. Ɗan, namiji, bai zo da rai ba.

Ban ce ni na kashe shi ba, rai na Allah ne. Ban kuma ɗauke wa mutumin nan laifinsa na ɗora wa kaina ba, shi ya san abin da zai tarar. Amma na san ƙofar nan a buɗe take har ranar da na buɗe bakina, kuma ba don mata na buɗe shi ba, don kada wata ta yi mini murmushi ne. Wannan abu yana cina kullum. Ƙanwata tana gaishe ni, tana zuwa sunan 'ya'yana, amma ba ta ƙara zama daga ni sai ita ba. Inna ta tsufa, yanzu gwiwar da gaske take ciwo.

Ina kira ga 'yan'uwana mata, musamman mu da muka yi karatu muke zuwa taro ana ba mu abin magana. Ku faɗi ra'ayinku, ku tsaya a kansa, babu laifi. Amma in kun ga wasu mata a garinku suna wani ɗan abu a shiru wanda ke kare 'ya'yanmu, kada ku ɗauke shi ku yi ado da shi a gaban mutane. Ku fara tambayar masu shi, domin su za su kwana a garin bayan an gama tafi. Ku kuma dubi waɗanda ke zaune a layin baya.

Mutumin nan daga baya an ɗauke shi daga garinmu, ba don laifi ba, ƙarin girma ma aka yi masa. An ce yana wani ƙauye, ban san wanne ba, yana iya zama naku. Wanda aka kawo mana shi ma namiji ne, ƙofar ƙarfen tana nan da sakatarta. Matan garinmu sun sake samo wata dabara, kuma a wannan karon ina cikin masu yi. Za ku so ku ji ko mece ce, na sani. Ba zan faɗa ba.