Wata Bakwai Ban Ɗauki Jikata Ba

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa ba, ni ne na fi kowa tsarki a Zango. Haka dai nake gani. Maƙwabta kuwa cewa suke na fi kowa ɓarnar ruwa.

Gidanmu na haya ne, ɗakuna rututu, famfo ɗaya. In na tsuguna alwala, ina kaiwa ƙafa sai wata murya a kaina ta ce, "Ka tabbata ruwa ya shiga tsakanin yatsu?" Sai in koma farko. Mata na tsaye da bokitai. Wata 'yar Asante da ke ɗakin ƙarshe takan ce, "Ei, Alhaji, yau ma sai famfon ya roƙe ka?" Kafin in gama, liman ya sallame. A baki ina kiran abin tsoron Allah, amma hannuwana duk sun tsattsage, kuma ni kaɗai na san irin gajiyar da nake ciki.

Ana nan sai 'yata ta haihu a Asokore Mampong. Aka miƙo mini jaririyar in yi mata huɗuba a kunne. Na mai da hannuwana baya, na sunkuya daga nesa kamar mai duba akuya a kasuwa, don kada ɗigon fitsari ya taɓa ni. 'Yata ta ce, "Baba, ƙyamarta kake yi?" Sunan mahaifiyata aka sa wa yarinyar, amma wata bakwai ban ɗauke ta ba. A hankali uwar ta daina kawo ta.

Wata Juma'a liman ya ce masu bincike daga jami'a sun zo, suna makarantar gefen masallaci. Na je ne don na zaci tabarau za su raba. Sai na tarar da wata likita, 'yar Zango ce, da takarda a hannu.

"Baba Alhaji, akwai tunanin da ke zuwa maka ba ka so, kuma ya ƙi tafiya? Akwai abin da kake maimaitawa don hankalinka ya kwanta? Awa nawa yake ci maka a rana?"

Na gyara hula na ce, "'Yata, faɗa mini gaskiya, mai ɗakina ce ta kai miki tsegumina?"

Ta yi dariya ta ce an rubuta tambayoyin tun ba su san da ni ba, kuma har a ƙasashen da ba su taɓa ganin buta ba akwai masu irin amsata. Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, haruffa uku. Ni da na tsaya a aji huɗu, biyu na riƙe. Ta ce waswasi ne da ya zama ciwo, kuma ana magance shi.

Na ce to a ba ni ƙwaya. Ta ce wasu sukan buƙace ta, amma ni da horo za mu fara: in yi alwala ɗaya, in miƙe, in bar muryar ta yi ta ihu, kada in koma. Na ce sai na ji daga bakin liman. Da aka kira shi ya ce, "Alhaji, shekara nawa ina gaya maka wanki uku ne? Sai da ka ga mai farar riga?"

Kowane mako ina zuwa, ta ce in auna tsorona daga ɗaya zuwa goma. Ranar farko na ce goma sha biyar. Ta rubuta goma. Bayan wasu makonni na sauko shida, na fara samun raka'ar ƙarshe a jam'i. Sai ta ce saura babban aiki: in je in ɗauki jikata.

Ni da mai ɗakina muka hau trotro, motar haya, zuwa gidan 'yata. Na zauna, na miƙa hannu, 'yata ta dube ni ta dubi uwarta, sannan ta ɗora mini jikata. Yarinyar ta kama gemuna, ta ƙura mini ido. Sai na ji ɗumi yana bin cinyata.

'Yata ta zabura. "Innalillahi! Kawo ta, Baba."

Na ce, "Bar ta. Wata bakwai tana tara mini shi."

Muryar na ihu, amma ban sauke ta ba sai da ta yi barci. Na wanke wurin wanki ɗaya, na yi la'asar da rigar. Da na dawo na tarar da 'yata tana share ido da gefen mayafi.

Ba zan ce muryar ta mutu ba. Takan leƙo, in ce mata na ji, in ci gaba da abin da nake yi. Abin da na gane shi ne, wani ciwon yakan sa rawani ya zo, ka yi ta girmama shi. In kana da irinsa, je a duba ka, ba raunin imani ba ne.

Yanzu yarinyar ta shiga makaranta. In ta zo hutu takan tsaya a kaina wajen famfo tana ƙirgawa da ƙarfi: "Ɗaya, biyu, uku. Tashi, tsoho!"

Ni kuwa sai in tashi.