Kafar da Na'ana'a Ta Bi

"Wai Baba Magini ne ya hana a toshe kafar shingensa?" in ji wani maƙwabci.

"Shi fa," in ji ɗayan. "Mutumin da ko tururuwa ba ta ratsa aikinsa."

Gaskiyarsu. Tun yana saurayi yake gyaran shingen mutane. Idan ruwan sama ya zaizaye ƙasa a ƙarƙashin kwanon shinge, shi ake kira. Zai durƙusa ya haƙa, ya jera duwatsu, ya danna siminti da tafin hannu, yana cewa ɓarna ta ƙasa take shigowa.

Bana gwiwarsa ta ƙi, ga shi an ga maciji a bayan gidansa, inda jikokinsa suke wasa. Babban ɗansa ne ya karɓi aikin, Baba na kan kujera yana nuni da sanda. Sun toshe ko'ina, saura kusurwa ɗaya.

A nan marigayiya matarsa ta shuka na'ana'a. Bayan rasuwarta ba wanda ya ba ta ruwa, ta bushe. Ashe saiwar ta bi ƙarƙashin shinge ta rayu a gidan maƙwabta, kuma da daminar nan ta dawo ta kafar da ta fita.

"Baba, maciji bai san shukar Inna ce ba," in ji ɗan.

Baba ya daɗe yana kallon ƙananan takalman da ke zube a bakin ƙofa.

"To, toshe. Amma fara tono mini ita a hankali, da ƙasarta, ka dasa a bakin ɗakina."