Irin Shinkafar Kaka Tumba

A shekarun fari na yi wayo, don haka ban taɓa ganin gulbinmu na Tsamaye cike ba, yashi kawai na sani. Bayan magariba mukan kewaye murhun kakata Tumba, ko da babu tukunya a kai. A bakinta na fara jin kalmar cikowa.

"Kaka, ita ce ambaliya?"

"Kai maigida, kanka awa kabewa! Ambaliya ka kada ɗaki. Cikowa sannu take tahowa, ruwa shina hawa, shinkahwa tana biya tai, har a yanke ta cikin jirgi."

Sai ta ce ga ta nan tafe, ta ba mu tatsuniyar Gulbi, wanda ya yi fushi ya tafi ƙasar surukansa, ya ce ba zai dawo ba sai garin da ya ajiye masa iri. Nakan lumshe ido in ga ruwa yana shigowa fadama da sanɗa, wata yana kwance a kansa, kifaye suna yawo a gonarmu.

Ita kuwa ta ajiye. Tulu guda na irin shinkafar ruwa yana ƙarƙashin gadonta, an liƙe bakinsa da laka. Kowace shekara takan shuka kaɗan a kasko, ta shayar da ruwan alwalarta don irin ya sabunta. Sau biyu babana ya roƙa a dafa, ta hana. Na ji haushinta ƙwarai.

Da ƙanwata Hana ta kasa tashi saboda yunwa, da hannunta Kaka ta fasa tulun. Tafi ɗaya ta ƙulle a gefen zane, ta miƙa wa babana, aka dafa sauran.

"In Gulbi ya zo ban nan, ku ce mai na cika alkawali."

Yau Turanci nake koyarwa a Isa. Idan muka zo kan kalmar Turawa ta hawan ruwa, littafi ya ce hatsari ne, ɗalibai su rubuta. Cikowa ta zo damina biyu bayan rasuwar Kaka. Babana ya shuka tafin nan, ya tsaya cikin ruwa har ƙugu yana hawaye, ya isar da saƙon da ƙarfi, Hana tana riƙe da rigarsa.