Fentin Motar Alhaji Buba

Na daɗe ina dillancin motoci a Kazaure, amma ranar da ta ƙi barin raina ita ce wata Laraba gab da Babbar Sallah. Ku da kuka shigo sana'ar yanzu kun san mota tana tsufa darajarta tana zubewa. Gaskiya ne. Sai dai akwai 'yan tsiraru da idan tsufan ya kai wani wuri sukan juya su fara tsada, muddin ba a taɓa su ba.

Irin wannan ce a gidan marigayi Alhaji Buba, ɗan kasuwar hatsi a Babura. Motar Faransa ce ruwan toka, ya saye ta sabuwa tun ina firamare, bayan rasuwarsa aka lulluɓe ta da tamfol. Ɗansa Malam Sani ya same ni ya ce yanar ido ta rufe wa mahaifiyarsa Hajiya Ladi duka ido biyu, likita ya ce sai an yi aiki, kuma ba su da abin sayarwa sai motar.

Na je na ɗauki hotonta yadda take, fenti ya koɗe, kujeru sun tsattsage, na tura wa wani Alhaji Mamman na Damagaram mai tara tsofaffin motoci. Nan take ya kira. Abin da ya taya da sefa, sai da na ce ya maimaita. Ya isa aikin ido biyun har da ragowa. Na ja wa Malam Sani kunne: ko ƙurarta kada a kaɗe. Ya ce to.

Ranar da mai saye zai zo, ina shan shayi a tasha wani ɗan acaɓa ya ce mini, "Malam Iro, ka ga yadda motar Alhaji Buba ta dawo amarya kuwa?" Ban ƙarasa shayin ba. Ban iya jiran mota ta cika ba, na haye bayansa, duk hanya ina kiran Malam Sani wayarsa ba ta shiga, ina ce wa mutumin ya ƙara wuta.

Na tarar da ita a ƙofar gida, koriya shar, tana sheƙi. Sababbin kujeru, sabuwar rediyo, har da turare.

"Ka yi haƙuri," in ji Malam Sani. "Kawu, babban gidan nan, shi ya ce abin kunya ne baƙo ya taso daga wata ƙasa ya same ta kamar akurkin kaji. Ko ragon sayarwa ai sai an wanke shi."

Na kasa zama, na kasa tsayawa, sai zagaya motar nake yi ina neman inda mai fenti ya manta. Bai manta ko'ina ba, gwani ne.

Alhaji Mamman ya iso bayan azahar. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya leƙa ciki, ya ce, "Allah ya jiƙan mai ita. Ni wadda na gani a hoto nake so." Ya sha ruwa, ya yi sallama.

Aka riƙo hannun Hajiya ta fito. Ta laluba ƙofar direba, ta daɗe tana shafa gefen tagar.

"Sani, ina wurin da gwiwar hannun babanku ta cinye?"

Ta ɗauke hannunta daga tagar.

"To wannan ba tasa ba ce. Ku sayar wa duk wanda ya taya."

Wani mutumin Roni ya saye ta don jigilar gyaɗa. Kuɗin ya isa aikin ido ɗaya.

Har yau abin yana yi mini ciwo, domin ba mugunta ta ja musu ba, karamci ne. Shi ya sa nake gaya muku, idan kun samu tsohuwar mota ta gaske, kada ku tsaya ga gargaɗin mai ita. Ku nemi babban gidan, ku durƙusa ku yi masa bayani. Hajiya kuwa, da idon nan ɗaya ta ga motar tana wucewa da buhuna, ta tambaya ko ta waye ce.